Tsagar da Na So a Yi wa Ɗana

Ina da tsaga a fuska, dogaye a kumatu da wasu 'yan gajeru a gefen ido, kuma duk zamana a Sakkwato ban sami wanda ya dube su ya ce mani ke 'yar gari kaza ce ba. Mutanen garin nan kuwa gwanayen karanta fuska ne. Tun daga nesa za su ce wannan Bagobiri ne, wancan Bakabe, wancan kuma daga Zamfara ya fito. In sun zo kaina sai su yi ɗan jim, su koma tambayar lafiyar maigida.

Ni ma ban san garinmu ba. Ina ƙarama, haƙoran gaba ba su gama fitowa ba, uwata ta aike ni korar tsuntsaye a gonar gero, kusa da gida har ina jin daka daga cikin gidanmu. Wasu mutane suka ɓullo daga cikin karan, ɗaya ya saɓa ni a kafaɗa, shi ke nan. Daga hannun wannan zuwa hannun wancan, har harshen gidanmu ya zube daga bakina. A shekarun da Turawa suka ci ƙasar nan ne sojojinsu suka tare ayarin da nake ciki, suka kwance mu. Mu yaran da ba a san iyayenmu ba aka kai mu wani gida a kudu, bakin babban kogi. A can na koyi karatun boko da ɗinki, a can na ji labarin Almasihu na ba da gaskiya, aka yi mani baftisma. A can kuma na haɗu da maigidana, tsintacce irina, wanda aka koya wa aikin kafinta.

Abu ɗaya na riƙe daga yarinta ban bar shi ya zube ba, shi ne ranar da aka yi mani tsaga. Ina tuna inuwar tsamiya, ina tuna wata mace ta matse kaina tsakanin gwiwoyinta, zanenta yana warin hayaƙi, tana cewa in yi shiru yanzu za a gama. Ina tuna zafin aska da baƙin tukunyar da aka shafa. Fuskarta ta ɓace mani, amma ban taɓa shakkar cewa uwata ce ba. In kewa ta taso mani sai in shafa kumatuna in ce, ai hannunta ya taɓa nan. Iyakar gadon da na samu ke nan, na kuma sha ba 'ya'yana labarin har suka haddace.

Aiki ne ya kawo mu Sakkwato. Ana gina gidajen bariki, ana neman mai yin ƙofofi da tagogi, aka turo maigidana, muka sauka a Sabon Gari tare da sauran baƙi. Mu masu bin Almasihu ba mu da yawa a lokacin. Akawuna ne daga kudu da matansu, da wani kuku, da mu. Ranar Lahadi a zauren wani akawu muke taruwa, ba mu da mai wa'azi na kanmu, wanda ya iya karatu shi zai karanta, mu yi waƙa ba da ƙarfi sosai ba. A nan na haifi 'ya'yana. Biyu Allah ya raya mani, namiji shi ne babba, sai ƙanwarsa. Da bakin Sakkwato suka tashi, suna ta yi wa Hausata dariya, wai ina magana kamar mai karanta takarda.

Yadda na riƙe yaran nan, ba na jin akwai uwar da ta yi irinsa a unguwar. Rijiya tare muke zuwa, kasuwa tare. Kiran sallar la'asar da ke tasowa daga cikin gari shi ne agogona: in aka kira ɗayansu bai shigo ba, unguwa duka sai ta ji muryata. Matan gari da ke kawo mana nono da itace suka sa mani suna kaza mai ɗiya. Abin da ya fi ba su mamaki shi ne yadda nake ƙwala wa ɗan farina kira da sunansa gatsau, alhali su kunyar ɗan fari ba ta barin uwa ta ambaci sunan, balle ta bi shi tana leƙe. Ni kuwa ko a jikina. Na ce su yi ta kunyarsu, su da ba a taɓa ɗauke su daga gonar ubansu ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake.

Haka muka zauna har yaron ya fi ni tsawo, muryarsa ta fashe. Ubansa ya so ya gaje shi, amma zarto da guduma ba su karɓe shi ba. In ya buga ƙusa sai ta lanƙwashe, in ya yanka katako sai ya karkace. Zuciyarsa tana wani wuri. Kusa da mu akwai rumfar wani tsoho Basakkwace mai fataucin fata, wanda ke zagaya kasuwannin ƙauye da jakunansa yana sayo fatun jar akuya, ya kawo wa majema da kantin Turawa. Daga ƙofar gidana ina hango rumfar, shi ya sa na bar yaron yana zuwa. Ashe koyo yake. Yana shafa fata zai gane wadda wuƙar mahauci ta yi wa rauni, da wadda aka shanya a rana ta ƙone. Kullum ya dawo yana wari, in kora shi wanka yana dariya.

Wata rana da rani tsohon ya yi sallama, maigidana ya shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ni ina bayan zana, wai tsintar shinkafa nake, amma kunnena duka yana zauren. Bayan gaisuwa mai tsawo tsohon ya ce, "Kahinta, yaron ga naka ya iya hwata, hannunai ya san ta. Ka ba ni shi mu zagaya kasuwannin ƙauye. Kahin ruwa shi sauka mun komo, in Allah ya so."

Maigidana ya ce, "Baba, ka san hanyarmu ba ɗaya ba ce wajen ibada."

Tsohon ya ce, "Na sani. In munka tsaya salla shi tsare jakkai. In Lahadinku ta zaka shi yi abin da kunka koya mai, mu tsare mai nashi. Ban zaka neman addininai ba, hannu nika so."

Maigidana ya ce zai yi shawara. Tsohon bai kai rumfarsa ba na shigo zauren da farantin shinkafa a hannu na ce shawara ta ƙare, ba inda za shi. Maigidana mutum ne mai sanyi, ba ya ɗaga murya, wannan kuwa shi ya fi ba ni haushi a cikin halinsa. Ya ce zamanin sace yara ya wuce. Na ce zamani ne ke wucewa, mugaye ba sa wucewa. Ya ce yaron ya girma. Na ce ni ma ai na girma a idon uwata ranar da ta aike ni gona. Sai ya dube ni ya ce, "Uwargida, kowace Lahadi muryarki ta fi ta kowa in ana waƙar Ubangiji makiyayi ne. Amma ban taɓa ganin kin ba shi ko tunkiya ɗaya ya kiwata ba."

Maganar nan ta soke ni, don haka na yi abin da na saba, na yi fushi. Kwana da kwanaki tuwonsa ma ajiye masa nake ba magana.

Yaron bai yi mani gardama ba, da ya yi ma da ya fi mani sauƙi. Da na ce masa ba za shi ba, cewa kawai ya yi, "To, Inna." Ya daina zuwa rumfar. Ya riƙa bin ubansa bariki yana riƙe masa katako, ya dawo kafin la'asar, ya ɗebo ruwa, ya zauna a gindin bango. Duk abin da na sa shi sai ya yi, kansa a sunkuye. Dariyar nan tasa da ke cika gida ta ɗauke. Wata rana na miƙa masa fura, ya karɓa da hannu biyu bai ɗago ba. Na san wannan sunkuyon. Haka muke karɓar abinci a cikin ayari.

Na gane ba zan iya ci gaba da hana shi ba, amma kuma zuciyata ta ƙi sakinsa haka nan. Sai dabara ta zo mani, na kuma ɗauka hikima ce. 'Ya'yana ba su da tsaga, don a gidan da muka tashi an hana mu yi wa yara. Na ce a raina, yaro ba alama a fuska, in wani abu ya same shi a ƙauyen da ba a san shi ba, wa zai ce ɗan wane ne? Bari a yi masa irin tawa. In ya ɓata a ce ga mai fuska irin ta matar kafinta ta Sabon Gari. Can ƙasan zuciyata kuma akwai wani buri: wataƙila a wata kasuwa wani tsoho ya ga tsagar ya ce, kai yaro, ai wannan ta garinmu ce.

Na faɗa wa maigidana. Ya ce bai ga amfaninta ba, amma fuskar ba tasa ba ce, in tambayi mai ita. Na kira yaron na ce, zan bar ka ka tafi, amma da sharaɗi. Bai bari na gama bayani ba ya ce, "Inna, in wanga na sharaɗin, a yanka." Saurin da ya amsa da shi ya isa ya tsorata uwa mai hankali. Ni murna na yi.

Ana saura kwanaki kaɗan su tashi na aika aka kira wanzami. Da hantsi ya zo, ubansu yana wurin aiki. Wani ƙaton mutum ne mai tumbi da surutu, wanda ya yi wa rabin jariran gari aski da tsaga, yana kuma son a san haka. Ya zauna a tsakar gida ya buɗe zabirarsa, yana tsammanin aski ne ko ƙaho. Da ya ji abin da nake so ya yi dariya har tumbinsa na rawa.

"Uwar yara, ashe gaskiya na da anka ce ku mutanen Sabon Gari komi naku baibai shike. Tsaga ta jinjiri ta, ran suna aka yin ta. Wanga da gobe-jibi za shi nemi aure, shi za ni tsagawa? Ba a hwahe gora ran tahiya."

Na ce masa ban kira shi don ya yi mani karin magana ba, in ba zai iya ba akwai wasu wanzaman a gari. Wannan ta taɓa shi. Ya ce babu tsagar da ta gagare shi tun daga Gobir har Kabi, in dai nuna masa irin wadda nake so. Na ce ga ta a fuskata. Yaron ya riga ya zauna a kan tabarma. Ni kuma na durƙusa a bayansa, na jawo kansa tsakanin gwiwoyina don kada ya motsa, na ɗaga fuskata wajen haske don wanzamin ya ga abin da zai kwaikwaya.

Ya matso yana dubawa, aska a hannunsa. Ya duba wannan kunci, ya duba wancan. Can ya ce, "Wace daga ciki? Hannu biyu na nan."

Na ce ban gane ba.

Ya ce, "Gajerun ga na gehen ido, kina jinjira anka yi su, tare kunka girma. Dogayen ga kuwa kin yi wayo anka yi su, kuma bisa wasu anka bi, don a ɓad da na ƙasa."

Na ce masa ya yi kuskure. Na ce ina tuna ranar sarai, a inuwar tsamiya, uwata ce ma ta riƙe mani kai. Wanzamin ya sauke askarsa a kan cinya. Da ya sake magana muryarsa ta yi ƙasa, ba sauran tsokana a ciki. Ya ce, "Uwar yara, ki yi hanƙuri. A ƙasag ga tamu, wanda duk ya tuna ranar tsagatai, ba gidan ubanai anka yi mai ita ba." Ya ce a da masu satar yara haka suke yi, su ƙara wata tsagar a kan ta gado, don ko dangin yaro sun gan shi a kasuwa kada su shaida shi.

Matar nan mai zane mai warin hayaƙi, wadda na yi shekaru ina kira uwata a cikin addu'a, ashe ɗaya ce daga cikin waɗanda suka saye ni. Ba lallashina take yi ba, riƙe kaya take kada ya motsa a ɓata shi. A tsakar gidana, da rana tsaka, na sake rasa uwata, kuma zafin ya fi na farko, don na farko ban da wayon sanin abin da na rasa.

Sai na dubi ƙasa. Ga kan ɗana tsakanin gwiwoyina, ya runtse ido, ya cije leɓe, yana jiran aska. Zanena kuwa warin hayaƙi yake, don daga murhu na taso.

Na sake shi kamar na taɓa garwashi. Na ce wa wanzamin, "Mayar da askar tsagarka." Yaron ya buɗe ido a tsorace, ya ɗauka tafiyar ce ta fasu. Ya ce, "Inna, ba ni jin tsoro, a yi." Na ce, "Ba za a yi ba. Kuma za ka tafi." Na juya wajen wanzamin na ce tunda ya riga ya zo, ya aske masa wannan sumar, kada ya kwaso mani ƙwarƙwatar ƙauye. Ya ɗauko ɗaya askar yana cewa, "Yawwa, wanga shi na aikin da za a gode man."

Na bar su na shiga ɗaki na durƙusa. Addu'ar da na yi ranar ba irin ta zauren akawu ba ce, ta fi kama da faɗa. Na ce, Ubangiji, ka san da wannan tun tuni ka bar ni ina shafa hannun ɓarayi ina kiransa na uwata. Na yi kuka har na gaji. Da na gaji sai na ga abin a fili: tsagar gado ba ta mai da ni gida ba, ta ɓarayi kuma ba ta ɓoye ni daga Ubangiji ba. Ya tsince ni a kan hanya bai tambayi garinmu ba. Na ce, to ga ɗana, fuskarsa ba alamar kowa. Ba don hankalina ya kwanta nake ba ka shi ba, bai kwanta ba, kai ma ka sani. Na dai yanke ne, kuma ba zan janye ba.

Ranar tafiya na haɗa masa guzuri, ƙuli-ƙuli da dakuwa da garin fura, na ɗaure a tsumma. Na kwana biyu ina tara gargaɗi a bakina, kada ka sha ruwan kaza, kada ka yi nisa da ayari, kada ka amsa kiran baƙo. Da na gan shi tsaye da sandarsa, kai a aske yana ƙyalli, na haɗiye su. Na ce ya ji maganar tsohon, ya kuma tuna ranar Lahadi. Ubansa ya ɗora masa hannu a ka ya yi addu'a, na ce amin. Na riga na yi wa kaina iyaka, bakin ƙofar gida, don na san in na taka waje sai na bi su har bakin gulbi. A nan na tsaya har jakunan suka sha kwana, na koma ciki na hau wanke tukwanen da na riga na wanke.

Ban gama shanye wannan ba ƙanwarsa ta taso. Ita bakinta irin nawa ne. Ta ce, "Inna, ni hwa? Ko ni ma sai an kira wanzami kahin in kai ma Baba tuwo bariki?" Na ɗauki muciya kamar zan jefe ta, ta gudu tana dariya. Amma washegari na ɗora mata ƙwaryar tuwon a ka na ce ta tafi ita kaɗai. Daga baya har cikin gari nake aikenta kai wa mata ɗinkinsu. Ranar farko ina zaune ina ɗinka riga, sai da na gama na ga na haɗe wuyan da hannu. Na farke na sake, ban fita nemanta ba, ta kuwa dawo da labarai fiye da aiken.

Kada wani ya ɗauka daga ranar wanzami tsoro ya bar ni. Kowace safiya sabo yake farkawa tare da ni. Abin da ya sauya shi ne na daina yi masa aiki. In ya taso sai in ce, na riga na bayar, je ka tambayi wanda na ba. Wata Lahadi matar wani akawu ta jawo ni gefe ta ce ta ji na ba Musulmi ɗana sun tafi da shi daji, ba na tsoron su juya shi? Na ce mata tsohon nan ya fi wasu da muke zama tabarma ɗaya da su cika alkawari, kuma ba shi na ba ɗana ba, aro ya karɓa daga wurin wanda na ba. Ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma na roƙi gafarar kaifin bakina, amma ban janye ma'anar ba.

Ruwa ya sauka da wuri a shekarar. Aka yi na farko, aka yi na biyu mai ƙarfi, gulbi ya kawo, fadama ta cika. Lokacin da tsohon ya ɗiba ya wuce. Wasu fatake suka dawo, namu shiru. A nan ne abin dariya ya faru, in da akwai mai dariya a gidan: maigidana mai sanyi shi ya kasa zama. Ya tashi daga aiki ya wuce Ƙofar Dundaye yana tambayar duk mai jaki. Wata rana ya dawo ya ce zai nemi izini a bariki ya bi sawunsu. Na ce masa, "Maigida, kai ka ce in ba makiyayi tunkiya. Na ba shi. Tambayar labari ka yi ta yi, amma ba za ka je ka ƙwato ta a hannunsa ba." Na faɗi haka da ƙarfi, na zaga bayan ɗaki na yi daka ina hawaye, don ƙarar taɓarya ta rufe. Bayan haka ne wani mai kwalekwale ya ce ya ga masu fata a hayin Dundaye, suna jiran ruwa ya ja don kada kayansu su jiƙe.

Da yamma ne, ina bakin ƙofa ina tsinke zogale, na hango jakuna can nesa a kan hanya, da mutane a bayansu. Duk laka ta mai da su launi ɗaya, ba fuskar da ake gani. Amma a cikinsu akwai wani da ke jefa ƙafar hagu waje in yana tafiya, kamar ubansa. Tun kafin in tabbatar da jakunan na tsohon ne na san ɗana ne. Ina zaune da zogale a cinya abin ya zo mani: da uwata ta hango ni a wata kasuwa, ko sun tsage fuskar duka, da ta gane ni.

Ban ruga ba, na jira shi ya iso. Ya durƙusa ya gaishe ni. Ya rame, ya yi baƙi, suma ta fito, ƙafafunsa duk faso, fuskarsa kuwa sumul yadda na haife shi. Tsohon ya tsaya daga baya ya ce, "Matar kahinta, ga amanarki. Kowace Lahadi shina zama gindin icce shi yi ta waƙa, har jakkaina sun kusa iyawa." Na yi masa godiya irin wadda ban taɓa yi wa wani mutum ba.

Da muka shiga ciki yaron ya sha ruwa, ya zauna yana kallona, ba kumatuna ba, gefen idona. Ya ce, "Inna, duk kasuwar da munka shiga sai na dibi huskokin tsohi, ko in ga mai irin gajerun ga naki. Ban gani ba tukuna. Amma akwai kasuwannin da ba mu kai ba, can gaba."

Na ji tsoron nan ya taso. Ban yi masa aiki ba. Na ce, "To, in rani ya zagayo sai ka kai."

Na tashi na ɗora masa ruwan wanka, don warin fata ya riga ya cika mani gida.